Kaba 'Yar Goriba Ce: Yadda Za Mu Gane Ta, Mu Raya Ta a Gonakinmu

'Yan'uwa, babu gidan da ba a mori kaba ba a ƙasar Wurno da Rabah da Goronyo. Da ita ake saƙa tabarmar da muke shimfiɗa wa baƙo. Da ita ake tufka igiyar ɗaure akuya da ta ɗaure dami. Faifai da mafici da malafa da kwando da tsintsiya, duk daga jikinta suke fitowa. Mata da yawa da kuɗin saƙa suke sayen gishiri da sabulu da littattafan yara, musamman da rani, lokacin da babu abin sayarwa daga gona.

Duk da haka, idan lokacin sassabe ya zo, kaba ce ta farko da muke sarewa mu cinna wa wuta. Mun ɗauke ta kamar ciyawa mai cin wuri. A wannan fitowa muna so mu duba ko mece ce kaba, yadda za mu bambanta ta da danginta, da yadda za mu bar ta ta girma ba tare da mun rasa ganyen saƙa ba.

Kaba da goriba abu ɗaya ne

Ɗan kurmin kabar nan da bai wuce ƙugun mutum ba, goriba ce da ba a bari ta tashi ba. Mutanen Kano suna ce mata goruba, masana kuma suna kiranta Hyphaene thebaica. Idan aka ƙyale ta takan kai tsawon mita 10 zuwa 15.

Ga abin da yake faruwa. Goriba tana da gindi mai ƙarfi a ƙarƙashin ƙasa, da saiwoyi masu nutsawa neman ruwa. In aka sare ta, ko wuta ta cinye samanta, gindin ba ya mutuwa. Sai ya fito da toho da yawa a wuri guda. Mu kuma kowace shekara sai mu yanke sabon ganyen tun bai buɗe ba, dabbobi su ci abin da ya rage, sassabe ya ƙarasa. Da haka kaba za ta yi shekaru masu yawa tana nan a duƙe, ba ta yi kara ba, ba ta yi fure ba, balle 'ya'ya.

Wannan yana da hatsari. Manyan goribobin da muke gani tsofaffi ne, waɗansu kakanninmu ne suka bar su. In suka faɗi, ko aka sare su don rufin ɗaki, babu na baya da za su gaje su. Gindin da ake yanka ba hutawa shi ma yakan gaji, ganyensa ya riƙa ƙanƙancewa har ya bushe.

Yadda za mu gane ta cikin danginta

Itatuwa huɗu ne masu kama da juna da akan rikita su tun suna ƙanana.

Goriba. Ganyenta a buɗe yake kamar mafici, launinsa kore mai ɗan toka-toka. Sandar ganyen tana da baƙaƙen ƙayoyi masu lanƙwasa a gefe biyu, masu kama riga. In ta girma, karanta yakan rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa biyu. Ita kaɗai ce mai yin haka a cikin huɗun nan. 'Ya'yanta ja ne mai duhu da sheƙi, sun kai girman dunƙulen hannun yaro.

Giginya. Ita ma ganyenta kamar mafici yake, amma ya fi na goriba girma nesa ba kusa ba, kuma ya fi kore. Karanta ɗaya ne miƙaƙƙe, ba ya reshe, yana da kumburi daga sama in ta manyanta. 'Ya'yanta manya ne, ruwan ɗorawa in sun nuna. Daga ƙwallonta ake samun muruci.

Dabino. Ganyensa dogo ne kamar gashin tsuntsu, ƙananan ganyaye jere a gefe biyu na sanda guda. Ba ya kama da mafici ko kaɗan. Shuka shi ake yi, kuma yana son ban ruwa da kulawa.

Kajinjiri. Wannan shi ne dabinon daji. Ganyensa irin na dabino ne, amma karansa siriri ne, yana fitowa da yawa a gindi ɗaya, 'ya'yansa ƙanana. Ya fi son bakin rafi mai laima, don haka an fi ganinsa a ƙasashen da suka fi mu ruwan sama.

A taƙaice, in ganye mafici ne, sandarsa kuma da baƙar ƙaya mai lanƙwasa, to kaba ce.

Akwai abu ɗaya kuma da ya kamata kowa ya sani. Goriba tana da namiji da mace, kamar dabino. Mace ce mai 'ya'ya. Namiji fure kawai yake yi, iska ta ɗauki garinsa ta kai wa mace. Ba a iya gane su sai sun fara fure. Wanda ya sare dukan mazan da ke kusa, yana cewa ba su da amfani, zai ga 'ya'yan matan sun ragu.

Me ya sa muka damu da ita?

Na farko, ƙasarmu. Ruwan sama a nan wata huɗu ne, daga Yuni zuwa Satumba, kuma ba kowace shekara yake cika ba. Sauran watannin iska ce da rana. Gonar tudu da ba ta da itace, iska takan kwashe mata ƙasar sama, ta binne ƙananan shuka da rairayi. Kurmin kaba yana tare iska, yana tara ƙasa da ganye da kashin dabbobi a gindinsa. Babbar goriba kuwa inuwarta ba ta da kauri, gero da wake suna yi a ƙarƙashinta.

Na biyu, ruwa. Kwarin gulbin Rima, inda madatsar ruwan Goronyo take tun 1984, wuri ne da ruwan ƙasa bai yi nisa ba, kuma irin wurin da goriba take so ke nan. Shi ya sa tsofaffi sukan ce inda aka ga goriba da yawa, rijiya ba za ta yi zurfi ba. Mun kuma ga abin da ambaliyar watan Satumba na 2010 ta yi wa gonaki da gidaje a wannan kwari. Gaɓar da take da saiwoyin itace ta fi jure zaizaya a kan wadda aka share ƙal.

Na uku, tsaro. Kowa ya san halin da gabashin Sakkwato ya shiga a shekarun nan saboda 'yan bindiga. Shiga daji mai nisa neman kaba ko itacen wuta ya zama kasada, kuma mata da yara ne suka fi yin wannan tafiya. Kabar da take bayan gida ko a gonar kusa da gari ta fi wadda take cikin dawa daraja, ko da ta dawa ta fi yawa.

Na huɗu, aljihu. Albasa da tafarnuwa da shinkafa suna kawo kuɗi a Wurno da Goronyo, amma suna bukatar fadama da taki da injin ban ruwa da mai. Gwauruwa da tsoho da wanda ya baro garinsu ba kowa ne yake da waɗannan ba. Saƙa kuwa wuƙa ce da hannu, sai ganye. Gaskiya ne tabarmar roba ta cika kasuwa. Amma igiya da kwando da faifai da malafa har yanzu ana nemansu, tabarmar kaba kuma ba ta ɗaukar zafi kamar ta roba.

Abin da maƙwabtanmu na Nijar suka koya

A jihar Maraɗi akwai wani kwari da ake kira Gulbin Kaba, wanda ya ratsa ƙasar Mayahi. Sunansa ma daga kaba ya samo. Yawan yankan ganye da sare manyan itatuwa ya sa wurare da yawa a kwarin suka koma gajeren kurmi. Daga baya manoma suka fara keɓe waɗansu toho a gonakinsu, suna barinsu su zama itace.

Dabarar ba sabuwa ba ce a yankin. A 1983 wani malamin gona ɗan ƙasar Ostareliya mai suna Tony Rinaudo, wanda yake aiki da mishan ta SIM a Maraɗi, ya lura cewa ƙananan tsiron da ake sarewa a gonaki toho ne na kututturan itatuwa masu rai. Dashen da ake ta yi da itacen leda yawancinsa mutuwa yake yi. Sai ya fara koya wa manoma su zaɓi toho mai kyau a kowane kututture, su rage sauran, su kiyaye shi. Mutanen wurin suka sa wa abin suna sassaben zamani. Masu bincike sun ƙiyasta cewa ta wannan hanya an dawo da itatuwa wajen miliyan 200 a fili mai faɗin kadada miliyan 5 a kudancin Nijar. Harshenmu ɗaya da su, ƙasarmu iri ɗaya, gulbin Maraɗi ma cikin Rima yake zuba. Abin da ya yi musu zai yi mana.

Hanya ta farko: raya kabar da take gona

Wannan ita ce hanya mafi sauƙi, domin saiwa ta riga ta kafu. Ba saye, ba ban ruwa.

1. Kafin sassabe, a zaga gona a ƙirga kurmin kaba nawa ne.

2. A kowane kurmi a zaɓi toho ɗaya ko biyu waɗanda suka fi kauri da lafiya. Su ne za su zama goriba.

3. A ɗaura musu tsumma mai launi, ko a kafa sanda, domin mai yanka da mai huɗa su gane.

4. Kada a yanki ganyen tsakiya na waɗannan zaɓaɓɓu. Kowane kara kai ɗaya yake da shi, daga nan dukan ganye suke fitowa. In wuƙa ta taɓa kan, wannan karan ya mutu.

5. A share busasshen ganye da ciyawa daga gindi kafin lokacin gobara. Kada a tara sassabe a ƙona a jikinsu.

6. In dabbobi suna shiga gonar da rani, a kewaye da ƙaya har sai kan ya fi ƙarfin baƙin akuya.

7. A bar da yawa, kada a tsaya ga ɗaya, tun da ba mu san wanne ne namiji wanne ne mace ba. In gona babba ce, tazarar taki 10 zuwa 15 tsakaninsu ba za ta hana garma wucewa ba.

A shekarun farko ba za a ga tsawo sosai ba, ganye ne zai yi ta faɗi yana ƙaruwa. Bayan haka kara zai bayyana. Kada a karaya. Sannu ba ta hana zuwa, sai dai a daɗe ba a je ba.

Yankan kaba da ƙa'ida

Ba mu ce a daina saƙa ba. Sauran tohon da ba a zaɓa ba, na yanka ne. Sai dai a yi da lura.

- A yi amfani da wuƙa mai kaifi, a yanka daga sama, kada a tona cikin gindi.
- Kada a tsiraita toho. Ko yaushe a bar masa ganye kore, aƙalla rabin abin da yake da shi, domin da ganye itace yake cin abinci.
- A raba kurmin gona kashi biyu ko uku. A yanki wannan bana, a bar wancan ya huta.
- A shanya ganye inda iska take ratsawa, a adana inda ruwa da gara ba za su taɓa ba. Ganyen da ya lalace a ajiya, asarar itace ce da ta ƙarfi.
- Aikin da bai bukaci ganye mai laushi ba, kamar tsintsiya da shinge da jinka, a yi shi da tsohon ganye.

Hanya ta biyu: shuka ƙodago

Inda babu kaba ko ɗaya, sai a shuka. Ƙodago shi ne ƙwallon nan mai tauri da yake saura bayan an ci goriba. Yaranmu suna jefar da iri kowace rana ba su sani ba.

Abu mafi muhimmanci shi ne, goriba ba ta son leda kuma ba ta son dashe. In ƙodago ya tsaga, ba sama yake fara nufa ba. Yakan tura wani farin tsiro ƙasa, ya nutsa fiye da kamu ɗaya, daga can saiwa ta kafu, sa'an nan ganye ya fito. Wanda ya taɓa tonon muruci ya san irin wannan, domin giginya ma haka take yi. Ledar reno ba ta da wannan zurfi, in kuwa aka tono tsiron ya karye, shi ke nan. Saboda haka a shuka ta daidai inda ake so ta zauna.

1. A tsinci 'ya'yan da suka nuna sarai daga uwa mai zaƙi da yawan haihuwa. A bar waɗanda ƙwaro ya huda.

2. A cire naman duka, ko a ci ko a kankare.

3. A jiƙa ƙodagon cikin ruwa kwana 3, ana canja ruwan kowace safiya. Wannan yana sa shi saurin tsagewa.

4. A zaɓi wuri mai rairayi ko jigawa, a gefen fadama, bakin rafi, iyakar gona, bayan gida, ko harabar majami'a da makaranta. A guji inda ruwa yake kwanciya wata da watanni, kamar tsakiyar gonar shinkafa.

5. A haƙa rami zurfin gwiwa don ƙasa ta yi laushi, a mayar da ƙasar haɗe da ruɓaɓɓen taki. Ɗanyen taki yana jawo gara.

6. In damina ta kankama, ƙasa ta jiƙu sosai, a binne ƙodago 2 ko 3 a kowane rami, zurfin faɗin tafin hannu.

7. A kafa turke a wurin, a ɗora ƙaya, domin kurege da gafiya sukan tono iri.

Daga nan sai haƙuri. Wani yakan fito cikin 'yan makonni, wani sai bayan watanni, wani ma sai damina ta zagayo. Kada a tona don a duba. Ganyen farko guda ɗaya ne siriri, mai kama da ganyen dawa, bai yi mafici ba tukuna. A nuna wa masu noma shi, don kada fartanya ta tafi da shi. In ana da hali, ɗan ban ruwa sau ɗaya a mako a ranin farko yana taimakawa. A wuri mai kyau goriba takan fara 'ya'ya bayan shekara 6 zuwa 8, ta kuma ci gaba da haihuwa har jikoki su ci.

Abin da babbar goriba take bayarwa

'Ya'yanta ba sa saurin lalacewa. In sun bushe ana iya ajiye su watanni, a sayar lokacin da aka ga dama. Ana daka ɓawon a sami gari mai zaƙi da ƙanshi, a zuba a kunu ko a jiƙa a sha. Ɗanyen ƙwallon, wato ƙwalshi, yara suna sonsa, amma in aka kakkaɓe duka tun suna ɗanye babu abin da zai nuna. Busasshen ƙodago makamashi ne mai daɗewa a murhu. Karanta kuma yana yin ginshiƙi da rufin ɗaki, gara ba ta cika cinsa ba. Wanda zai sare ɗaya don gini, ya tabbata ya riga ya rayar da waɗansu a madadinta.

Ba mu kaɗai muka san darajarta ba. A Masar har yau ana sayar da abin sha na goriba a kasuwa, an kuma sami 'ya'yanta a kaburburan sarakunansu na fiye da shekara 3,000 da suka wuce. A ƙasar Eritiriya an taɓa yin masana'antar maɓallin riga da ƙwallonta, saboda taurinsa da farinsa.

Gargaɗi ɗaya. Mutane da yawa suna shan garin goriba saboda hawan jini. Abinci ne mai kyau, amma ba ya maye gurbin maganin asibiti. Wanda aka ɗora a kan magani ya ci gaba da sha, ya riƙa zuwa awo.

Aikin na gari ne duka

Mutum ɗaya ba zai iya tsare kaba shi kaɗai ba. In ka ɗaura tsumma yau, gobe wani ya zo ya yanke, aikin ya tashi banza. Saboda haka maganar tana bukatar zama.

Da yawa cikinmu gonar aro ko ta haya muke nomawa. Kafin a shuka ko a keɓe itace, a sami mai gonar a yi magana, a gaban shaidu, a san wa yake da ganye, wa yake da 'ya'ya, wa yake da kara. Wannan zai hana rigima nan gaba.

A kai maganar wurin mai gari, a gayyaci arɗo da makiyaya da maƙwabta duka, domin iska ba ta tambayar gonar wane ce kafin ta kwashe ƙasa. A amince da alama guda da kowa zai gane, cewa tohon da yake ɗauke da ita ba a taɓa shi. Zumuntar mata, da yake su ne masu yanka da saƙa, su suka fi dacewa su tsara lokacin yanka da na hutu. Matasa za su iya ɗaukar aikin shinge. Yara kuma a ba su gwangwani su riƙa tara ƙodago maimakon jifa da shi. Malaman gona da na gandun daji na ƙaramar hukuma su ma a sanar da su. Jihar Sakkwato tana cikin jihohi 11 na arewa da shirin Babbar Koriyar Ganuwa na yaƙi da hamada ya shafa, kuma itacen da ya riga ya saba da ƙasarmu ya fi baƙo saurin kamawa.

Tambayoyi don tattaunawa a ƙungiya

- Manyan goribobi nawa ne a garinmu? Akwai matasa masu tasowa a bayansu?
- A ina matanmu suke samo kaba yanzu? A ina iyayensu suke samowa a da?
- Wa yake da ikon yanka kaba a gonar wani bisa ga al'adarmu? Wannan al'ada tana taimakon itacen ko tana cutar da shi?
- Wace alama za mu amince da ita, kuma me za a yi wa wanda ya karya doka?
- Gida nawa ne za su yarda su keɓe toho 5 kafin sassaben bana?

Mu fara da abin da yake hannunmu. Kafin a wasa gatari bana, kowa ya zaga gonarsa da tsumma a aljihu. Allah ya ba mu damina mai albarka.